Ci, Bar-su, Wane Ya Ba Ka

Ni Delu ce, daga wani ƙauye gabas da Dungas. Ban yi karatu ba. Faɗa nake, ana rubutawa. Labarin jinyar kare ne, wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu, na riga na sha ta a tsakiyar kasuwa ba ta kashe ni ba. Na sa a rubuta don duk wanda dabba ta dawo masa da yunwa ya san abin yi da abin bari. Akwai dalili na biyu, shi sai na kai ƙarshe.

Karen ba nawa ba ne, na ɗan farina ne. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka muka tarar, haka muka riƙe. Shekara ashirin da biyu ina ce masa "kai" in yana kusa, "yaron nan" in ba ya nan. Da ya girma ya zama maharbi, ya koya a hannun Sarkin baka Nomau na Guci. Ranar da ya shigo da ɗan kwikwiyo, gari ya ɗauki surutu, wai gidan marigayi mijina, mai salla, ya koma gidan kare. Bai tanka wa kowa ba. Ya sa wa kwikwiyon suna Bar-su. Duk sanda ya kira karensa, ya ba su amsa ke nan.

Jan kare ne mai farin ƙirji, dogon ƙafa, kunnen hagu a yage. Ni ba ruwana da shi a lokacin. Shi ke ba shi abinci a bayan ɗakinsa, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi ba.

Shekarar da Nasara suka matsa da ɗibar soja, bayan an gama kaka, aka ce ƙauyenmu ya ba da mutum biyu. Yaron nan na ciki. Ranar tafiya Magarya ina daka a tsakar gida, mata na leƙe ta kan darni. Ya shigo ya tsaya a bayana.

Ya ce, "Inna, za mu tafi."

Ban juya ba.

Ya ce, "Inna, ki riƙe mini Bar-su. Na ɗaure shi a gindin rumbu."

Na ce, "Na ji." Idona na cikin turmi.

Ya ɗan jima a tsaye. Sannan na ji takunsa ya fita. Ko ƙeyarsa ban gani ba. Matan suka ce Delu ta iya kunya, ta fita kunyar duniya.

Kafin la'asar karen ya tsinke igiya da haƙori ya bi sawunsu. Abu ɗaya aka bar mini, ban riƙe shi wuni guda ba.

Kasuwar Dungas ta ci sau bakwai. Ran nan da hantsi na dawo daga rijiya, sai na ga wani abu shimfiɗe a ƙofar ɗakin yaron nan. Na ɗauka tsohon buzu ne iska ta jefo. Sai wutsiya ta motsa.

Da ba don yagaggen kunnen ba, da ban shaida shi ba. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga bakin zaure. Ciki ya manne da baya. Gashi ya zube wuri-wuri, kaska ta cika kunnuwa da tsakanin yatsu, tafin ƙafa ya tsattsage. Daga baya wani falke ya ce ya ga jan kare yana kwana a bakin barikin soja a Damagaram, ana jifansa yana komawa. Ban san ko shi ne ba. Na dai san inda ya je bai samo wanda ya bi ba.

Nan na yi kuskuren da ya sa nake ba da labarin nan. Na ɗauko furar da na dama don kaina, ƙwarya guda, da nono mai kauri. Na haɗa da sauran tuwon jiya da miya mai man shanu. Na ajiye masa. Ya shanye, ya lashe ƙwaryar har tana gudu a ƙasa. Ina tsaye ina jin daɗi.

Ni na yi wannan. Ni da na ga shekarar fara. A shekarar mijina ya tafi ƙasar Kano neman hatsi, ya faɗa gidan mutanen kirki, suka cika masa akushi. Yunwar wata uku ba ta kashe shi ba, akushi ɗaya ya kashe shi. Na san wannan a kan mutum. Ban kawo a raina cewa cikin kare ma ciki ne ba.

Kafin azahar ya amayar da rabi. Sauran ya kumbura masa ciki, in ka taɓa kamar ganga. Sai zawo, ruwa tsagwaronsa, mai warin da ke korar kaji. Washegari da majina da ɗigon jini. Daga ranar ya rufe baki. In na kawo kunu ya kau da kai. In na kawo ɗan tuwo ya rufe ido. Ruwa kawai yake lasa, shi ma sau biyu ko uku.

Makon farko na sha shawara har na ƙoshi. Hajo, maƙwabciyata da darni ɗaya ya raba mu, ta ce jar kanwa. Na jiƙa na ɗura masa, zawon ya ƙaru. Wata ta ce ruwan tsamiya. Wani tsoho ya ce a ƙona masa ciki da ƙarfe kamar yadda ake wa jaki. Wannan na ƙi. Na ware masa kasko nasa da ludayi nasa. In na taɓa shi sai na wanke hannu da ƙasa da ruwa kafin salla. Na san hukuncin, ba sai an faɗa mini ba. Amma aka faɗa mini, kullum.

Rana ta biyar Malam Sani ya zo, ƙanin marigayi mijina. Akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya. Ya tsaya a bakin zaure, bai ƙaraso ba.

"Yaya Delu, an ce kin yi sabon miji."

"Na yi. Shi ko ba shi da surutu irin na dangin na farko."

Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce mutane sun ga karen yana dalala, suna tsoron haukan kare ne. Ya hana yaran gari shigowa gidana. Mai gari kuma ya ce in kasuwa biyu ta ci bai miƙe ba, a ja shi daji a gama da shi.

Ya ce, "Kare ne fa, Yaya. In yaron ya dawo sai ya nemi wani."

"In ya dawo zai tambaye ni."

"Sai ki ce ya mutu."

"Da wane bakin? Bakin da ya ce 'na ji'?"

Ya tafi. Da yamma ya dawo da jakinsa da mangala, ya ɗaure a turkena. Ya ce an yi shela likitan shanu zai zo Dungas ranar kasuwa yin allura. Ya ce shi bai ce in je ba, jakin dai ga shi nan. Malam Sani ke nan. Bakinsa ya ɓata mini rai, jakinsa ya yi mini rana.

Ranar kasuwa na sa Bar-su a ɓari ɗaya na mangala, gorar ruwa da dutse a ɗaya ɓarin, dutsen ma ƙarami ya isa. Na isa da hantsi, na tarar da shanun Fulani garke bayan garke har bakin tabki. Na shiga layi a bayansu da jakina. Rana ta hau, ta tsaya, ta karkata. Ina jiƙa tsumma ina matsa masa a baki. Wani gardi mai bulala ya zagayo.

"Tsohuwa, ina saniyarki?"

Na buɗe masa mangala.

Ya leƙa ya ce, "Wannan ai ko kura ta gan shi sai ta ba shi sadaka." Ya kira abokansa su zo su gani. Suka yi dariya iya son ransu, har mata masu nono suka taso kallo. Ban motsa ba. Wani Bafulatani da ke gabana ya dube ni, ya ce, "Inna, wuce gaban nawa. Shanu sun iya jira." Ban san sunansa ba. Allah ya raya masa garkensa.

Likitan baƙi ne kamar mu, amma ɗan wata ƙasa mai nisa, Hausarsa a karye. Na zaci zai kore ni. Sai ya durƙusa, ya sa hannunsa tsirara ya danna cikin karen, ya ɗaga leɓe ya dubi dasashi, fari fat. Ya sa aka kawo ruwa, Bar-su ya lasa sau biyu.

Ya ce, "Ba hauka. Mai hauka ba ya son ruwa." Na ce ya ƙara faɗa da ƙarfi, akwai ƴan ƙauyenmu a wurin. Ya ƙara.

Sannan ya ce, "Mama, me ka ba shi?"

Na lissafa masa. Ya dafe kai.

"Nono a'a. Mai a'a. Ƙashi a'a. Kunu mai ruwa-ruwa, gishiri kaɗan. Ruwa ka dafa. Ludayi ɗaya, ka jira. Ludayi ɗaya, ka jira. Dusuma, Mama. Dusuma, dusuma."

Na kwance bakin zanena na ce a ina ake sayar da dusuman. Gardin nan ya kusa faɗuwa don dariya. Ya ce, "Tsohuwa, sannu-sannu ke nan da bakin Nasara."

Na nuna akwatin likitan, cike da kwalabe. Na ce ba na kare a ciki? Ya ce na kare ɗaya ne, wanda ake sawa a nama, in an ci ba a tashi. Wannan ya tsaya mini a rai har yau. Akwati guda, na saniya, na doki, na raƙumi, amma na kare sai na kisa. Duk da haka na gode masa. Shi ne mutum na farko bayan ni da ya taɓa karen nan bai goge hannu a riga ba.

Na ce, "To ai ba ya ci."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya nuna yatsu uku. Ya ce in kwana uku suka wuce bai ci ba, shi ke nan.

Na ja jaki na shiga kasuwa, layin masu magani, don na san Sarkin baka Nomau ba ya fashin kasuwar Dungas. Na same shi a gaban tabarmarsa, tsoho busasshe mai ido ɗaya. Bai gaishe ni ba sai da ya gaida karen.

"Bar-su, kai ne haka? Ka je ka ga duniya ke nan."

Wutsiya ta buga sau ɗaya. Na ba shi labari duka. Ya aika aka sayo kunu, ya tsinka shi da ruwa, ya zuba a sakaina ya ajiye. Bar-su ya kau da kai. Tsohon ya gyara murya, ya ce, "Ci, Bar-su, wane ya ba ka." Ba wane ya ce ba. Sunan yaron nan ya faɗa, ɓaro-ɓaro, a tsakiyar kasuwa.

Yagaggen kunnen ya miƙe. Karen ya ɗaga kai ya bi ƙafafun mutane da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuya ya lashi kunun. Sau uku. Na ƙirga.

Tsohon ya ce tun da aka fara zuba nama mai guba a daji don kuraye, karnukan maharba suka yi ta mutuwa. Shi ya sa yake koya wa yaransa su hori kare tun yana kwikwiyo, kada ya ci komai sai an faɗi sunan ubangidansa.

Na ce, "Ranar da ya dawo ai ya ci, ba wanda ya faɗi komai."

"Ran nan yunwa ce ta fi horo ƙarfi. Yanzu yunwar ta mutu a cikinsa, cikin ya tsorata da abinci. Horon kaɗai ya rage masa."

"To ba ni wata kalmar."

"Babu wata, Delu."

"Ka san ba na iyawa."

"Na sani. Ke kika haife shi, duk garin nan ke kaɗai ce ba ki da izinin kiransa." Ya tauna goro. "Ba ni shi in tafi da shi Guci. Karnukana za su yi masa taron dangi, amma zan gwada."

Na ce, "Ni aka ce wa in riƙe shi."

Ya dube ni da idonsa ɗaya. Ya ƙulla mini garin kuka, ya ce in riƙa barbaɗa kaɗan a kunu tare da dakakken gawayi, yana tsayar da zawo. Ya ƙulla ƴaƴan kabewa, ya ce wannan na tsutsa ne, kada in ba shi sai ya yi ƙarfi. Na miƙa masa abin da ke bakin zanena, ya ture. Ya ce in yaron ya dawo ya kawo masa cinyar barewa.

Da na koma gida na yi ta dabara. Na dafa ruwa, na dama kunu tsararo, na zuba ludayi ɗaya a kasko.

"Ci, Bar-su, yaron nan ya ba ka."

Bai dubi kaskon ba.

"Ci, Bar-su, ubangidanka ya ba ka."

Ko kunne bai kaɗa ba. Na ce mai ɗakin nan, na ce maharbi, na ce ɗan marigayi. Duk sunan sakayawar da na tara a shekara ashirin da biyu na zazzage masa. Kare bai san kunya ba. Suna ɗaya ya sani.

Washegari na roƙi Hajo. Mijinta ya hana ta shigowa, don haka ta tsaya a bayan darni ta faɗa daga can. Karen ya ji. Ya bar kaskon a gabansa, ya ja ciki ya nufi inda muryar ta fito, yana shinshina ƙasan darni yana wani kuka siriri. Bai kai ba ya kife. Sai da na ɗauko shi.

Hajo ta ce, "Delu, wannan ba zan sake ba. Ba abinci ya ji ba. Nemansa yake."

Kwana na uku da hantsi ya daina ɗaga kai. Ƙuda na sauka a idonsa ba ya kore su. Matan gidan Hajo na daka, taɓarya uku a turmi ɗaya. Na zauna a ƙasa da kasko a hannu, ina jin dakan. Na tuna nawa dakan. Mutum ya tsaya a bayana yana jira in juya, ni ina gadin kunya kada mata su ce. Sun yaba. Yabon nasu ban ga abin da ya saya mini ba.

Na fara faɗa a ciki-ciki, leɓe kawai. Bai ji ba. Tsohon da cikakkiyar murya ya faɗa, haka aka hore shi. Na ajiye kaskon a gaban hancinsa, na faɗa kamar yadda ake kiran mutum daga gona.

Suna ne gajere, numfashi ɗaya ya ishe shi. Amma ya fito mini kamar ana zare ƙaya daga tsohon miki.

Taɓaren nan uku suka tsaya.

Bar-su ya buɗe ido. Bai dubi ƙofa ba, bai dubi darni ba, ni ya duba. Sannan ya miƙa harshe. Ya lashe ludayi ɗayan nan tas. Hannuna ya kai kan tukunya zai ƙara, na tuna likita, na janye. Na jira gwargwadon zuwa rijiya da dawowa. Na zuba wani ludayin, na sake faɗa. Ranar sau shida na faɗa. Bai amayar ba.

Da la'asar Hajo ta leƙo.

"Delu, yau mun ji abin da ba mu taɓa ji ba."

"Kunnuwanku sun faɗi?"

"Suna nan." Ta ƙara da cewa, "Ashe kin iya faɗinsa da daɗi."

Ta miƙo ƙwai ɗaya ta kan darni, ta ce a dafa wa majinyaci. Wasu matan ba su yi mini wannan ba. An yi makonni ana cewa Delu ta zubar da kunyarta a kaskon kare. Wata ma in na iso rijiya sai ta ce wa ƴarta, "Ci, wance ta ba ki." Na yi da su abin da sunan karen ya ce, na bar su.

Mako na uku aiki ne kawai. Kunu tsararo, gishiri ɗan yatsa biyu, garin kuka da gawayi. Ludayi ɗaya ya koma biyu. Na ƙara gwaiduwar dafaffen ƙwai, rabi da safe rabi da rana. Kaska na bi ɗaya-ɗaya ina cirewa ina jefawa a wuta. Tafin ƙafa na shafa man kaɗe, na ɗaure da tsumma don kada ya lashe. Ɗari ake yi, ba shi da naman da zai riƙe ɗumi, na rufa masa tsohuwar rigar farautar yaron nan. Ya tura hanci ciki ya yi barcin da bai yi ba tun dawowarsa. Jinin ya tsaya. Zawon ya fara kauri. Ranar da na ga kashinsa ya fito a dunƙule, na tsaya a kansa kamar wadda ta tsinci azurfa.

Kasuwa ta biyu ta ci, Malam Sani ya zo da igiya a hannu, yana ɓoye ta a bayan riga. Na ce, "Zo ka ga abin arziki," na nuna masa kashin.

Ya ce, "Yaya, tsufa ya fara taɓa ki."

Bar-su ya ji baƙuwar murya. Ya dafa ƙafafun gaba, ya tura na baya, ya miƙe yana rawa kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ya yi haushi ɗaya, a shaƙe.

Malam Sani ya ce, "To, ya gaishe ni. Zan gaya wa mai gari ya miƙe." Ya naɗe igiyarsa. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ina jin ki daga masallaci in kina faɗa. Ni na yi masa huɗuba da sunan nan. Na yi zaton ba zan taɓa jin sa a bakinki ba."

Mako na huɗu na sake yin wauta. An yi suna a gari, aka aiko mini da ƙashi mai ɗan kitse. Na ga yana kallona, na ba shi. Zawo ya dawo kwana biyu, muka koma ludayi ɗaya. Wanda zai yi jinyar nan ya ji: ranar da ka ga sauƙi ita ce ranar da za ka ɓata. Bayan ya lafa na yanka kaza, na kwashe man da ya taso, na ba shi romon da tsokar a yayyage. Kaji biyu suka tafi a jinyar nan, da ƙwan da nake kaiwa kasuwa, da rabin geron da nake auna wa kaina. Na rame, ya yi ƙiba. Hajo ta ce da ma musaya muka yi.

Mako na shida na daka ƴaƴan kabewa na sa masa a kunu kwana uku. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, ana cin abinci wataƙila. Daga nan gashi ya fara tsirowa. Mako na takwas ya kori zomo a bayan gari. Bai kama ba. Ya dawo yana haki ya kwanta a ƙofar ɗakin nan, fuskarsa na kallon zaure. Nan ne wurinsa har ƙarshe.

Wata rana da bazara Hajo ta kira ni.

"Delu, karen nan fa yanzu ko ba a faɗa ba yana ci. Jiya na gan shi da kai cikin dusar awakina."

Na ce, "Na sani."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuma ban fasa ba. Safe da yamma, in na ajiye kasko, sai na faɗa. Shi ma ya san abin da muke yi. Ko yana jin yunwa sai ya tsaya ya jira ni in gama.

Bayan shekara huɗu ɗayan da aka ɗauka tare da shi ya dawo, da takalman soja da tari. Gari ya fita tarya. Na tsaya a baya, don uwar ɗan fari ba ta gudu ta tambaya. Bar-su ne ya ratsa mutane, ya shinshina takalman nan, ya daɗe, sannan ya juya ya koma ƙofar ɗaki. Daga baya mutumin ya zo har gida. Ya ce suna tare har bakin teku, can aka raba su, kowa da jirginsa. Bai sake ganinsa ba. Malam Sani ya je Magarya sau biyu tambaya. An ce a jira takarda. Ba ta zo ba, ta rai ko ta mutuwa.

Bar-su ya yi shekara shida a hannuna. Tsufa ya ɗauke shi, da damina, a wurinsa, cikinsa a cike. Malam Sani da kansa ya haƙa rami a bayan rumbu, yana haƙa yana cewa kada in gaya wa kowa. Na riƙe abin da aka ce in riƙe, iyakar kwanan da Allah ya ba shi. Kaskon yana nan a kife.

Tun daga ranar ba ni da dalilin faɗa. Harshe ya koma inda yake da. Wani lokaci in na zuba tuwo da yamma sai in ji sunan ya taso har maƙogwaro, in duba, ba wanda zan ce wa ci.

To ga abin da na sani. In dabba ta dawo maka da yunwa, ko mutum, kada tausayi ya cika maka hannu. Ba nono, ba mai, ba ƙashi. Kunu tsararo da dafaffen ruwa, ludayi ɗaya, ka jira. Kada ka ɗura kanwa. Maganin tsutsa sai an yi ƙarfi. In ta ƙi ci, nemi wanda ya san yadda aka saba ba ta. In kuma ɗanki ya tsaya a bayanki ya ce zai tafi, ki ajiye taɓarya. Geron ba ya gudu.

Dalili na biyu shi ne wannan. An ce takarda na zuwa inda ƙafa ba ta zuwa. In ta faɗa hannun wanda ya yi soja, ko wanda ya zauna a bakin teku, ya tuna ko ya taɓa ganin wani dogo, baƙi, mai tabon ƙaho a damtsen dama, ɗan gabas da Dungas, ba ya son yawan magana. In yana raye a gaya masa karensa bai mutu da yunwa ba. A gaya masa innarsa ta juyo, ta makara ne kawai.

Mai rubutu ya ce in ba suna ba wanda zai gane shi. Na sani. Rubuta da kyau, yadda za a iya kiransa da ƙarfi.

Lawali.